Yadda ake binciken gurɓatar ƙasa da ruwan ƙarƙashinta kafin a sayi filin kasuwanci a Gusau

Mai sayen fili a Gusau ba ya wasa da takarda. Zai nemi takardar mallaka ya kai wa lauya, ya ɗauko safiyo ya auna iyaka, ya kuma tabbatar mai unguwa da maƙwabta sun shaida cinikin. Abin da ba kasafai ake tambaya ba shi ne abin da ƙasar ta sha a hannun masu ita na baya. Idan wurin ya taɓa zama gidan mai, ko garejin kanikawa, ko shagon gyaran batir, ko ma'ajiyar taki da maganin feshi, ko kuma an taɓa girka injin niƙa duwatsun zinariya a cikinsa, to mai saye na iya gadon abin da bai gani ba, kuma ranar da rijiyar maƙwabci ta fara warin kananzir, wanda ke riƙe da filin a lokacin za a yi wa sallama, ba wanda ya sayar ya kama gabansa ba.

Mu a Zamfara ba sai an ba mu labarin abin da ƙasa ke iya ɓoyewa ba. A shekarar 2010 likitocin ƙungiyar agajin lafiya ta ƙasa da ƙasa, wato MSF, suka gano cewa gubar dalma ce ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, inda ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu, kuma garin Bagega da ke Anka bai samu aikin tsaftacewa ba sai 2013. Ƙasar tsakar waɗannan gidaje ba ta da wani wari ko launi da ya bambanta ta da ta kowa.

Duk jagorar nan ta ginu ne a kan abu ɗaya: ɗakin gwaji ba ya ba da amsa sai a kan ƙasar da aka kai masa. Idan aka ɗebo daga inda babu matsala, takarda za ta dawo fes alhali gubar tana kwance taku goma daga wurin. Saboda haka rabin aikin ana gama shi ne kafin a sa diga a ƙasa.

Mataki na farko: tono tarihin filin

A fara da takardu. A nemi sanin waɗanda suka riƙe filin ɗaya bayan ɗaya da sana'ar da kowannensu ya yi a ciki. Idan gidan mai ne, a nemi lasisinsa, da zanen da ke nuna inda aka binne tankuna da bututu, da littafin awon tanki na kullum. Wannan littafi ya fi kowace takarda faɗin gaskiya, domin idan man da aka sauke ya riƙa fin wanda aka sayar wata bayan wata, kuma ba sata ake yi ba, to ƙasa ce ke shan bambancin. Idan an taɓa canza tanki, a tambayi dalili da shekara, a kuma tambayi abin da aka gani a ramin ranar da aka ciro shi. Manhajar Google Earth tana ajiye tsofaffin hotunan sama, kuma a cikinsu ana iya ganin rumfar da aka rushe, ko tarin ganguna, ko kududdufin da aka cike da shara aka yi gini a kansa, abin da ba baƙo ba ne a cikin garuruwanmu.

Bayan takardu sai mutane, kuma a nan ne na fi samun abin da nake nema. Mai fili yana son ya sayar, dillali yana jiran la'adarsa, amma tsohon maigadi da mai shayin bakin titi ba su da abin ɓoyewa. Sai dai ba a zuwa musu da takardar tambayoyi a hannu kamar mai karɓar haraji. A wani tsohon gareji da na taɓa dubawa, sai da muka gaisa da dattijon da ke gadin wurin, muka taɓa hirar damina da tsadar hatsi, sannan na ce masa, “Baba, a zamaninku ina yara ke juye baƙin mai idan sun yi wa mota juye?” Bai ce komai ba, ya miƙe ya kai ni bayan ɗakin ajiya, ya nuna mini wani wuri da aka dafe da siminti, ya ce, “Ɗana, nan rami ne a da, shekara da shekaru nan ake zubawa.” Babu zanen da ya nuna wannan rami, kuma da na bi takarda kaɗai da ban haƙa kusa da shi ba.

Mataki na biyu: zagaya filin da ƙafa

A zo da sassafe kafin rana ta kore wari, idan da hali kuma washegarin ruwan sama. A riƙe takardar zane da biro da wayar ɗaukar hoto, a bi filin kusurwa-kusurwa ana alamta tabon mai, da inda ciyawa ta ƙi fitowa alhali kewayensa kore ne, da murafun tanki, da bututun da ke fitar da tururin mai, da sabon dafen siminti a tsakiyar tsoho, da masai da sokawe, da mazaunin janareta da taransfoma, da inda kwata ke fita ta nufa.

Kada a tsaya a iyakar fili. A ƙirga duk rijiyoyin da ke kewaye, na hannu da na burtsatse, a auna da igiya ko tef nisan da ke tsakanin bakin kowace da saman ruwa, a kuma tambayi masu gida ko ruwan ya taɓa sauya ɗanɗano ko wari, da kuma a wane lokaci na shekara. Idan aka ga wani maiƙo mai ƙyalli a kan ruwa, a taɓa shi da tsinke. Idan ya farfashe gutsi-gutsi ya ƙi haɗuwa, galibi tsatsar ƙarfen cikin ƙasa ce da ƙwayoyin halitta ke tarawa; idan kuwa ya buɗe ya sake haɗewa nan take, mai ne. Ba a ɗanɗana ruwan da ake zargi.

Mataki na uku: zana abin da ake zato

Kafin a kashe ko kwabo wajen haƙa, a zauna a amsa tambayoyi uku a rubuce: ina gubar za ta iya fitowa, ta wace hanya za ta bi, kuma wa za ta tarar? Amsar ta biyu tana buƙatar sanin ƙasar wurin. Gusau tana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, kuma ruwanta yana kwance a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma tsagogin da ke ƙasa, don haka gurɓataccen ruwa na iya bin tsaga ɗaya ya ɓulla a wata rijiya mai nisa ya tsallake ta kusa. Birnin Kebbi kuwa a kan shimfiɗar yashi da yumɓu take, inda ruwa ke tafiya a cikin yashin a baje, yumɓun kuma ya zama shinge tsakanin ruwan sama da na ƙasa. A fadama, inda ruwa ke kusa da sama, abin da aka zubar yau ba ya daɗewa bai kai gare shi ba.

Kowace guba kuma da halinta. Fetur da gas da kananzir sun fi ruwa rashin nauyi, don haka suna sauka har su tarar da ruwan ƙasa su kwanta a kansa, suna hawa da sauka tare da shi tsakanin damina da rani, suna shafe ƙasar da ke tsakani. Sinadarin da masu wankin kaya ba da ruwa ba ke amfani da shi ya fi ruwa nauyi, yana nutsewa har gindi, kuma nemansa a saman ruwa ɓata lokaci ne. Dalma tana manne wa saman ƙasa, ba ta cika yin nisa zuwa ƙasa ba, amma tana tafiya a ƙurar hunturu da tafin hannun yara. Sinadarin naitiret, wanda ke fitowa daga taki da masai, yana narkewa sarai ya bi ruwa duk inda ya nufa.

Mataki na huɗu: zaɓen wuraren ɗiba da abin da za a gwada

Wuraren da tarihi da zagaye suka nuna su ne na farko: gefen kowane tanki, ƙarƙashin famfunan sayarwa, layin bututu, tsohon ramin baƙin mai, mazaunin injin niƙa. Sauran filin a raba shi gida-gida kamar dara, a ɗiba daga kowane gida, domin a kama abin da kowa ya manta. Sannan dole a ɗebo aƙalla samfuri ɗaya daga wajen filin, a ƙasa irin tasa da ba a taɓa sana'a a kanta ba. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai a jiharmu, inda wasu duwatsu ke ɗauke da dalma da wasu ƙarafa tun asalinsu. In babu ma'aunin kwatance ba za a bambance abin da Allah ya halitta a wurin da abin da mutum ya zubar ba.

Abin da za a gwada ya bi sana'ar da aka yi. Gidan mai yana buƙatar jimlar man da ke cikin ƙasa da kuma benzin, wani sinadari mai guba da ke cikin fetur, da 'yan uwansa masu saurin tashi, a ƙara da dalma idan ya tsufa har ya riski zamanin da ake sa ta a fetur. Gareji yana buƙatar mai da ƙarafa masu nauyi. Wurin niƙa dutse yana buƙatar dalma da zaiba da arsenik. Majema da marina suna buƙatar kuromiyom. Biyan kuɗin gwada komai da komai a samfuri uku bai kai gwada abin da ya dace a samfuri ashirin amfani ba.

Mataki na biyar: haƙa da ɗibar ƙasa

Wannan aiki ne na masanin ƙasa ko injiniyan muhalli mai rajista, amma mai saye ya kamata ya tsaya a wurin ya san abin da ake yi da kuɗinsa. Kafin komai a gano inda tankuna da bututu da wayoyin lantarki suka bi, a haƙa mita ɗaya da rabi na farko da hannu, a hana shan taba da kunna wuta kusa. Kada wani ya shiga rami mai zurfi da ba a tokare bangonsa ba, kada kuma a zura mutum cikin rijiyar da ke warin mai. Masu aiki su sa safar hannu da takunkumi, kuma a wurin da ake zargin dalma kada su koma gida da kayan aikin a jikinsu.

Zurfin ɗiba ya danganta da abin nema. Domin dalma, santimita biyar na sama ne suka fi muhimmanci, don su yara ke taɓawa. Domin mai, a riƙa ɗiba duk rabin mita da duk inda ƙasa ta sauya launi ko laushi, har a wuce gindin tanki, in da hali har a kai saman ruwa. Ramin da ya tsaya a mita ɗaya kusa da tankin da gindinsa ke mita huɗu bai gwada komai ba. A rubuta abin da aka gani a kowane zurfi: jar ƙasa, marmara, yashi, yumɓu, danshi, wari. Ƙasar da ta daɗe da shan mai takan rikiɗe ta yi toka-toka ko baƙi-baƙi, ta riƙa maƙalewa a safar hannu.

Akwai na'urori biyu na hannu da ke rage asara. Ɗaya tana shaƙar tururin mai: a sa ƙasa a leda a ɗaure, a bar ta 'yan mintoci, a zura bakin na'urar a karanta. Ɗayar ita ce XRF, mai kama da ƙaramar bindiga, wadda ke nuna yawan ƙarafa cikin ƙasa da minti biyu, kuma da irinta aka bi gidajen Anka da Bukkuyum ɗaki-ɗaki. Danshi yana rage mata gani, don haka a busar da ƙasar a tankaɗe ta. Dukkansu biyun suna nuna inda za a mai da hankali ne kawai, ba sa maye gurbin ɗakin gwaji.

Ƙasar da za a gwada don mai a cusa ta a kwalbar gilashi har baki, a rufe nan da nan, kada a gauraya ta da ta wani rami, domin abin da ake nema yana tsirarewa cikin iska. A wanke kayan haƙa da sabulu da ruwa mai tsabta tsakanin rami da rami, a kuma fara da wuraren da ake ganin sun fi tsabta a ƙare da mafi muni.

Mataki na shida: rijiyoyin sa ido

Rijiyar maƙwabci tana nuna abin da mutane ke sha, amma ba ta isa ta nuna inda gubar ta fito ba. Don haka ake haƙa ƙananan rijiyoyi na musamman, aƙalla uku, a jere su kamar duwatsun murhu: ɗaya a ɓangaren da ruwa ke shigowa filin, biyu a ɓangaren da yake fita. Safiyo zai auna tsayin bakin kowace, a cire zurfin ruwan, daga nan a san inda ruwan ƙasa ya gangara, wanda ba lallai ya bi gangaren da ido ke gani a sama ba. Idan rijiyar da ke ɓangaren da ruwa ke shigowa ita ma ta gurɓata, to wataƙila matsalar daga wani filin take shigowa, kuma wannan magana ce da ke sauya ciniki gaba ɗaya.

A nan sai an sa ido a kan masu haƙa, domin yawancinsu sun saba da burtsatsen ruwan sha ne, inda burin shi ne a yi zurfi a sami ruwa mai yawa. Na taɓa tarar da wani yaron masu haƙa yana lafta giris a bakin bututu kamar yadda ya saba, a rijiyar da aka haƙa domin neman mai. Da ban gani ba, da girisinsa muka biya kuɗi aka gwada. Ɓangaren bututun rijiyar da aka yi wa ramuka dole ya ratsa saman ruwa, wani sashe a sama wani a ƙasa, domin man da ke yawo ya samu shiga. A zuba tsakuwa mai tsabta a kewayensa, a toshe samanta da yumɓun bentonait, a dafe baki da siminti, a sa murfi da kwaɗo. Babban kuskure shi ne a huda shimfiɗar yumɓu a wuce zuwa ruwan ƙasa mai tsabta, domin an buɗe wa gubar ƙofar da ba ta da ita a da.

Bayan an wanke rijiyar a bar ta kamar mako guda ta natsu. Ranar ɗiba a fara auna zurfin ruwa, a zura guga mai garai-garai a ga ko akwai mai a sama da kaurinsa, sannan a kwashe ruwan da ya kwana a bututu kamar ninki uku kafin a ɗebi samfuri. Ruwan da aka kwashe a tara shi a ganga, kada a sake shi a kwata. Samfurin benzin ana zuba shi a 'yar kwalba mai mililita 40 har ya yi tozo, a rufe, a kifa ta. Idan ƙwayar iska ta bayyana a sake. Na ƙarafa ana ɗiga masa ruwan asid na naitirik. Robar ruwan sha da aka ɗauraye ba mazubin samfuri ba ce. Kuma awo ɗaya bai wadatar ba: a yi a ƙarshen rani wajen Afrilu ko Mayu, a maimaita a ƙarshen damina wajen Satumba.

Mataki na bakwai: ɗakin gwaji

Samfuri yana tafiya ne a cikin kula da ƙanƙara, a sanyin da bai wuce digiri 4 ba, kowace kwalba da lambarta da ranarta da zurfinta, tare da takardar da duk wanda ya karɓa zai sa wa hannu. Wanda ya san zafin bazara a hanyar Gusau zuwa Zariya ya san ƙanƙarar safe ba ta kai yamma, don haka a tsara tafiyar kafin a ɗiba. Samfurin naitiret ba ya wuce kwana biyu kafin a gwada shi, benzin mako biyu idan an adana shi daidai, zaiba kwana 28, sauran ƙarafa kuwa suna jure watanni.

A tambayi ɗakin gwajin ko yana da shaidar ISO 17025, wato shaidar ƙwarewar ɗakunan gwaji ta duniya, sannan a yi masa tambayar da mutane ke mantawa: mene ne mafi ƙanƙantar adadin da na'urarsu ke iya gani? Idan ba ta ganin dalma sai daga mikrogiram 50 a lita, alhali iyakar ruwan sha 10 ce, to rubuta “ba a gano ba” bai wanke ruwan ba. A kuma saka musu samfuri ɗaya sau biyu da lambobi daban, da kwalbar tataccen ruwa zalla, ba tare da an gaya musu ba. Idan tagwayen suka dawo da amsa mai nisa da juna, ko aka ce an ga mai a tataccen ruwan, sauran alƙaluman ma abin tuhuma ne.

Mataki na takwas: karanta sakamako da abin da ke biyo baya

Ga ruwan sha, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma da arsenik da benzin a mikrogiram 10 a kowace lita, naitiret kuma miligiram 50. Ga mai, ƙa'idar EGASPIN ta masana'antar man Najeriya ta sa miligiram 5,000 a kilon ƙasa da mikrogiram 600 a litar ruwan ƙasa a matsayin matakin da dole a ɗauki mataki, amma abin da ake son a komo gare shi a ƙasa miligiram 50 ne. A ganina wanda zai gina makaranta ko gidan abinci bai kamata ya kwanta a kan 5,000 ya ce ya tsira ba. Ga dalma a ƙasar da yara ke wasa, Amurka ta daɗe tana amfani da miligiram 400 a kilo, ta kuma rage zuwa 200 a 2024, alhali a wasu gidajen ƙauyukanmu a 2010 an auna sama da 100,000.

A ɗora alƙaluman a kan zanen filin, kowanne a wurinsa da zurfinsa. Idan ramin da ke bakin iyaka ya nuna guba, ba a gano ƙarshenta ba tukuna, sai an ƙara haƙa gaba har a kai inda ƙasa ta koma daidai da samfurin kwatance.

Idan rijiyar da ake sha ta wuce iyaka, masu ita su ji a ranar, ba sai an kammala rahoto ba, a kuma gaya musu cewa tafasa ruwa ba ya cire dalma ko naitiret, ƙara musu ƙarfi ma yake yi. Idan dalma ce, a kai yaran gidan a gwada jininsu. A sanar da ma'aikatar muhalli ta jiha da NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli. Idan gidan mai ne, hukumar NMDPRA ce ke kula da shi, NOSDRA kuma ita ake kai wa rahoton malalar mai.

Gyara yana farawa da cire tushen, wato tankin da ke yoyo da ƙasar da ta jiƙe. Ƙasar da ta sha gas ko kananzir ana iya baje ta a kan shimfiɗar da ba ta yoyo, a riƙa juya ta ana ba ta taki da ruwa har ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa su cinye man cikin watanni. Dalma ba ta ruɓewa, sai dai a kankare a kai ramin da aka tanada a rufe, a zubo sabuwar ƙasa da aka gwada, kamar yadda aka yi a Bagega. A bi kowace tifa a ga inda ta juye, domin ƙasar da aka kwashe daga irin wannan wuri tana da masu saye a matsayin ciko, kuma cikon nan tsakar gidan wani zai tafi.

Idan bayan duk wannan mai saye yana son filin, lauya ya rubuta a yarjejeniya wanda zai biya kuɗin gyara, a riƙe wani kaso na kuɗin ciniki har a kammala, a haɗa rahoton binciken da takardun fili. Rijiyoyin sa idon kuma kada a cike su ranar da aka biya. A bar su da kwaɗonsu, makullin a hannun mai saye, a sake ɗibar ruwansu bayan damina mai zuwa kafin a saki ragowar kuɗin.